Zoben da Baba Ya Yaba

Duk wanda ya shigo shagona a Bagudo da niyyar koyon gina shafin intanet, kafin ya tambayi kwamfuta sai ya tambayi tsohuwar wayar da ke rataye a ƙusa bayan kujerata. Gilashinta ya tsage ta gefe, an ɗaure murfinta da igiyar roba, lambobin madannanta sun goge. Ku ma kun tambaya, har wani cikinku ya ce ko laya ce ta jawo kwastoma. Kayan aiki ce, kuma duk shagon nan babu mai tsananinta. Na gaji da ba ku amsa guntu-guntu, bari in ɗauko muku labarinta daga tushe.

Na san kallon da kuke yi wa sana'ar nan. Kuna ganina ƙarƙashin fanka, ba rana ba laka, ina ƙwanƙwasa madannai, sai ku ce wannan ai cin banza ne. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi a idonku. Ku ɗauko shafin da wani ya riga ya tsara ku sauya suna da launi, ko ku sa na'ura ta rubuta muku kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, kafin shayi ya huce kun miƙe kuna cewa an gama. Ban hana ku ba, ni ma ina amfani da su. Amma shafin da ya buɗe a kwamfutarku bai kai ko rabin hanya ba, kuma ni a gaban jama'a na koyi hakan.

Mahaifina, Malam Gado, masassaƙin jirgin ruwa ne a wani ƙauye na bakin kogin Kwara cikin ƙasar Kaoje. Cikin warin kwalta da ɓawon katako na tashi. Yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita: in an gama jirgi, kafin a tura shi gulbi, sai ya zagaya shi, ya shimfiɗa tafin hannunsa a goshin jirgin, ya yi addu'a ƙasa-ƙasa. Masunta da masu fito ba sa karɓar jirgi sai sun ga hannun nan ya sauka. Yayana, wanda ya gaji gizago, ya samu wannan hannun ranar da ya kammala jirginsa na farko, kafin ya koma Yauri da sana'ar. Ni kuwa boko ce ta ɗauke ni.

A Birnin Kebbi na yi koyo, a kafen intanet na wani mutum, Malam Lawali. Gajere ne, ba ya rabo da goro, kuma ba ya maimaita magana. Aikina na farko shara da buga takardu da cika wa 'yan makaranta rajistar jarrabawa. Da ya ga ina leƙen allonsa duk lokacin da yake rubuta kod, sai ya nuna min wata tsohuwar kwamfuta a lungu, wadda sai an buge ta a gefe take tashi. Ya ɗora min wani shafi da ya karkace, rubutu ya hau kan hoto, ya ce in nemo ciwon. Na yi kwanaki ina bin layi-layi har idona ya fara ruwa. Ashe wata 'yar alama ce aka buɗe ba a rufe ba, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Da na nuna masa, bai ce sannu ba. Ya ɓantari goro ya ce, "Kwamfuta ba ta da kara, Bashiru. Abin da ka ce ta ka yi, ba abin da ka nuhwa ba." Sai ya ɗora min wani.

A hannunsa na san kayan aikin. Rubutun da ke tsayar da ƙashin shafi daban, wanda ke sa masa tufafi daban, wanda ke sa shi motsi daban. Na koyi ajiye aiki a wuri biyu, domin wutar gari ba ta sallama in za ta tafi. Na koyi cewa shafi ba a cikin kwamfutata yake zaune ba, yana wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, duk wanda ya danna sai an ɗauko masa shi daga can. Wannan ɗaukowar ce ban ba ta muhimmanci ba, don a kafen Malam Lawali sabis kamar famfo yake.

Kwastomomi kuwa makaranta ce mai zaman kanta. Na yi wa wani mai makaranta shafi, ya yi ta dawo da ni sai da hotonsa ya fi ginin makarantar girma. Wani ɗan kasuwar albasa daga Kamba ya ce a yi masa da Hausa da Faransanci da Zabarmanci, kuma da an buɗe kiɗa ya tashi. Wani ya kira ni yana faɗa wai na kashe masa intanet, da na je sai na tarar data ce ta ƙare masa. Dole ka koyi haɗiye dariya, ka kuma koyi jin abin da mutum ke buƙata a bayan abin da bakinsa ke faɗa.

Wata Sallah na je gida. Muna zaune a inuwar wani jirgi da aka kife, Baba yana wasa gizago, sai na lura yana laluben dutsen washi alhali yana gefen ƙafarsa. Na kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa saura da magani. A mota muna dawowa, da muka wuce gadar gulbi, sai Baba ya juyo wajena.

"Bashiru, wai aikin ga naka, ina shike? Kowa na ce min ɗanka na gini cikin waya. Ni ban ga bulo ba, ban ga katako ba."

"Shina cikin iska, Baba."

"To ka sauko min da shi in aza hannu. Ban son idanun ga su ruhe ban ga abin da hannunka ka yi ba."

Na ce masa in sha Allahu. Maganar ta zauna min a ƙirji, don na san lokacin ba mai yawa ba ne.

Ba a daɗe ba dama ta zo. Alhaji Manu, shugaban wata ƙungiyar manoman shinkafa ta yankinmu, ya ce suna son shafi don masu saye daga nesa su san da su. Na zuba duk abin da na iya. Na ɗauki manyan hotunan gonaki, na yi bidiyon gulbi da hantsi, na sa rubutu yana shigowa a hankali kamar ana jan labule. Har zoben nan mai juyawa, wanda ke nuna wa mutum ya dakata shafi na zuwa, ban yarda da na kowa ba. Da kaina na zana shi, na ba shi launin ɗanyen ganyen shinkafa. Na gwada a Birnin Kebbi, komai ya buɗe sumul. Malam Lawali ya leƙa ya ce, "Ya yi nauyi." Na ɗauka yabo ne irin nasa.

Ranar nuni aka jera kujerun haya a gaban siton ƙungiyar, aka aro babbar talabijin da janareta. Manoma sun cika wurin, har da Fulanin rugagen kusa. Baba ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a, aka ba shi kujerar gaba. Na haɗa laftof da talabijin, na jona sabis daga wayata, na danna.

Allo ya yi fari fat, zoben ya fito yana juyawa.

Ku da kuka tashi a nan kun san halin sabis na bakin iyaka. Yanzu kana kan layin Najeriya, an jima waya ta tsallaka Benin ba fasfo, saƙo ya shigo da Faransanci yana maka maraba. Na ɗaga waya sama, na matsa gindin bishiya, na dawo. Zobe na nan yana juyawa. Alhaji Manu ya gyara hula. Masu hira suka koma kallon takalmansu, wanda ya fi dariya ciwo. Zufa ta jiƙa min wuyan riga.

Sai Baba ya miƙe. Ya taka a hankali har gaban talabijin, ya kai fuskarsa dab da allon, ya tsaya yana kallo.

"Wanga zoben, kai ka yi shi?"

"Ni na yi shi, Baba."

Ya juyo wajen jama'a. "Ku duba da kyau. Ba shi da kwana ko guda, kuma ba shi gajiya. Ni na san wuyar hidda da'ira ga icce. Wanga aikin mai hannu na."

Wasu dattawa suka ce haka ne, Malam Gado. Wani ya yi dariya, amma mai taushi, sai wurin ya saki. Alhaji Manu ya ce sabis ne ba ya da kunya, a kawo lemo. Aka watse ba wanda ya ga gona ko guda. Baba ya koma kujerarsa hannayensa cikin riga. Na lura bai ɗora hannu ba, sai na ce a raina don talabijin ɗin ta aro ce.

Abin da ya fi damuna shi ne na bar tsohon cikin duhu. Duk wanda ya zo gyaran jirgi sai ya ji labarin zoben da Bashiru ya ƙera. Sau da yawa na buɗe baki in gaya masa cewa abin da ya yaba alamar gazawa ce, sai kunya ta rufe min shi. Na rage hotunan, shafin ya riƙa buɗewa a cikin gari, amma a ƙauyenmu ko alama. Idonsa kuwa kullum ƙara tsukewa yake.

Sai ga muguwar shekara. Kwara ta cika ta wuce inda dattawa suka san tana tsayawa, ta shanye shinkafa tana gab da nuna, ta shiga gidaje. Ƙarfen sabis na yankinmu ya mutu saboda motar da ke kai wa janaretansa mai ba ta iya kaiwa. Wa zai nemi shafin intanet alhali rumbunsa na cikin ruwa? Aiki ya ɗauke ɗif. Ana cikin haka janaretan maƙwabci ya ƙona min laftof. Na tattara 'yan kayana na koma gida, ina ganin ni da sana'ar nan mun yi hannun riga.

A gida kuwa aiki ya yi wa Baba yawa, don a shekarar ruwa kowa jirgi yake nema. Sai na zama idonsa. A lokacin na kalli yadda yake aiki da idon babba. In an gama toshe tsagun katako da tsumma da kwalta, jirgi ya yi kyau har ka so ka kwana a ciki, ba ya yarda a taɓa shi. Sai ya sa a ɗora shi kan gungume a tudu, a yi ta ɗebo ruwa ana zubawa a cikinsa har ya cika. Ni in shiga ƙarƙashi ina neman ɗigo, shi yana bin katakon da tafin hannu yana neman danshi. In ya ji sanyi ko kaɗan, a kwashe ruwa a sake. Wata rana da bayana ya gaji na ce, "Baba, wanga ai ya yi, ɗigon bai kai komi ba."

Ya ce, "Kai ka shiga shi da buhun shinkafa da ɗiyanka tsakiyar gulbi? Wanda za shi shiga ba shi nan, Bashiru. Don shi mu ka yin wahalar ga."

Ina kwance cikin laka a ƙarƙashin jirgin na tuna kafen Malam Lawali, da fanka, da sabis mai gudu. A can na gwada aikina, alhali masu shigarsa suna nan bakin gulbi da ƙananan wayoyi da sandar sabis guda.

Da ruwa ya fara ja, Alhaji Manu ya kawo jirginsa gyara. Ban so mu haɗa ido ba, amma shi ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Ɗan Malam, masu saye ba su ne damuwarmu ba yanzu. Ruwan da ya wuce Lolo can bakin iyaka, shi ka kwana gonakinmu bayan kwana kaɗan. Da muna sanin hawanshi da wuri, da mun yanke abin da ya yanku. Akwai ƙanena can, shina da sanda mai zane da ya kahe bakin ruwa. Abin ga naka ba shi iya kawo muna labarin sandar?"

Na je Birnin Kebbi, Malam Lawali ya ba ni aron wata tsohuwar laftof ba tare da ya tambaye ni komai ba. Wannan karon aikin cirewa na yi. Ba hoto, ba bidiyo, ba labule. Sanda guda na zana da kod, fara ƙal a kan baƙin allo, da ruwa shuɗi da ke hawa ko sauka a jikinta. Ƙanen Alhaji zai turo lamba ta saƙon waya kowace safiya, ruwan zanen ya koma inda lambar ta ce. A ƙasa kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: ya hau, ya tsaya, ko ya sauka. Na so in sa ajami saboda dattawa, sai na tarar fayil ɗin haruffan ya fi shafin gaba ɗaya nauyi. Na roƙi limaminmu ya rubuta min kalmomin uku da tawada, na bi sawun alƙalaminsa na mayar da su zane mara nauyi. Sai na zo kan zoben. Na daɗe ina kallonsa, sannan na goge shi.

Da aka gyara ƙarfen sabis, na ari wayar Baba, wadda duk gidanmu ba mai rauninta, na shiga yawo da ita. Na gwada a bayan rumbu, na gwada a tsakiyar gulbi cikin jirgin fito, na hau babur har Lolo inda layi ke tsalle tsakanin ƙasa biyu. Inda ya yi jinkiri, in dawo in ƙara sassaƙewa. Mutane suka fara cewa ɗan Malam Gado ya samu taɓin boko, yana bin jeji da waya a sama.

Wata safiya bayan an karya kumallo, na tarar da Baba a bakin gulbi zaune kan gungume. Lokacin ganinsa ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara, sai abin da ke tsakiya kawai. Na durƙusa na sa masa wayar a hannu, na ɗora babban yatsansa a kan madanni.

"Danna nan, Baba."

Ya ce bismillahi, ya danna. Kafin ya kai wayar kusa da hancinsa shafin ya buɗe. Ya yi ta motsa ta a hankali, yana bin allon daga sama zuwa ƙasa.

"Ga sanda. Ga ruwa, ya kai mata ga ƙugu." Ya ƙara matso da ita. "Wanga hannun Liman na. Ya ce ya sauka." Ya ɗaga kai wajen gulbin da ba ya iya gani sosai, ya dawo da shi. "Ina zoben?"

Na ce, "Na cire shi, Baba. Zoben nan dama..."

"Alamar jira ta. Na sani. Kullum na so jin karatu ga wayar ga, shi ka hito min."

Ya sauke wayar daga fuskarsa, ya ci gaba.

"Ranan na ga mutane sun koma kallon ƙasa, na ji numfashinka ya sake. Na ce bari in tashi in nemi abin da ni ka yabawa ba tare da na yi ƙarya ba. Kuma zoben ya yi kyau, har gobe ina hwaɗi." Ya yi murmushi. "Amma ka ga na aza hannu?"

"Ba ka aza ba."

"Ranan jirgin na yoyo."

Ya ɗora wayar a gwiwarsa, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kanta. Hannun ya rufe ta ruf, ko gefenta ba a gani. Ya yi addu'ar nan tasa ƙasa-ƙasa, wadda tun ina yaro nake jinta a kan katako. Ni da na zo da shirin yin bayani, sai na tsinci kaina ina share hawaye da hannun riga, masu wanki suna kallona, ban kuma damu ba.

Damina ta gaba da sandar ta nuna hawa, mutanenmu suka fita yankan shinkafa tun ba ta gama bushewa ba, suka tsira da abin da suka tsira da shi. Ba duka ba, ruwa ya ci nasa. Idon Baba ya rufe gaba ɗaya a wannan shekarar. Ya rayu bayan haka, kuma kowace safiya sai ya miƙa wa wanda ke kusa wayar ya ce, "Duba min, mi sanda ta ce?" Da ya rasu, yayana ya ɗauki gizago, ni na ɗauki wayar.

Tun daga nan na yi ayyuka da yawa, wasu manya, na asibitoci da 'yan kasuwa da makarantu, har da na mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kayan aikin sun sauya, abin da na koya wajen Malam Lawali rabinsa ya tsufa, kullum cikin sabon koyo nake kamar ku. Batirin wayar nan ma na sauya shi ban san iyaka ba.

Don haka wanda ya gama shafinsa a cikinku, kada ya kira ni in duba a kwamfuta, na san a can yana da kyau. Ya sauke wayar daga ƙusa, ya karɓi makullin babur, ya tafi bakin gulbi inda masu fito ke jiran fasinja, ya danna. In ya tsaya yana jira, ya dawo ya zauna, akwai sauran aiki. In ya buɗe, ya kawo min in ɗora hannu.